Shawagi da ƙaramin jirgi a ranar hazon hunturu

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya cewa abokinsa, wanda ke da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi, ya gayyace shi su yi shawagi na nishaɗi daga Zariya zuwa Kano su dawo a cikin watan Janairu, a jirgi mai kujera huɗu. Abokin ya kwantar masa da hankali da cewa tunda babu hadari kuma babu ruwan sama a wannan lokaci, hazo kaɗai ba ya hana jirgi tafiya. Yana so ya san ko maganar haka take, da kuma abin da ya kamata ya lura da shi kafin ya amsa gayyatar.

Malam, abokinka ya faɗi gaskiya ta wani ɓangare, amma ɓangaren da ya bari shi ne ya fi muhimmanci. Gaskiya ne hazo ba ya hana fiffike ɗaukar jirgi, kuma injin yana ma fi jin daɗin iskar safiyar hunturu, domin iska mai sanyi ta fi kauri, saboda haka jirgi kan tashi daga titi da wuri ya hau sama da ƙarfi fiye da yadda zai yi a zafin watan Afrilu. Abin da hazo ke taɓawa shi ne idon matuƙi, kuma matuƙin da ke da lasisin farko da idonsa yake tuƙi. Ana kiran irin wannan tuƙi VFR, wato tuƙi da gani, kuma a cikinsa mutum yana gane cewa jirginsa na tafiya daidai ne ta hanyar duban bangon duniya, layin nan da sama ta haɗu da ƙasa. Da wannan layin yake auna ko fiffike ɗaya ya sunkuya, ko hancin jirgi ya ɗaga ko ya yi ƙasa. Hazo kuwa wannan layin yake fara shafewa, kuma a hankali yake yin haka, har mutum ya rasa shi bai san lokacin da ya rasa ba. Gajimare yana da gefe, ana hango shi a kauce masa, amma hazo ba shi da bakin da za a ce ga inda ya fara.

Yana da kyau ka san daga inda wannan ƙura take zuwa, domin sanin haka shi ke bayyana dalilin da safiya mai kyau kan lalace kafin azahar. Mafi yawanta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kusa da garin Faya, inda tsohon gindin Tafkin Chadi na zamanin da ya bushe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai ga shi a Maiduguri, Damagaram da Kano. A kan wannan kuma sai a ƙara hayaƙin ƙone daji da na gari. Da dare ƙasa kan yi sanyi sosai, iskar da ke kusa da ita ta fi ta samanta sanyi, sai iska mai ɗumi ta zauna a bisa kamar murfin tukunya ta danne ƙurar da hayaƙin a ƙasa. Tafiyar da za ku yi daga Zariya zuwa Kano, kimanin kilomita 135 a miƙe, ta nufi arewa maso gabas ne, wato kuna tunkarar inda ƙurar ke fitowa. Saboda haka abin da kuka gani a Zariya lokacin tashi ba hujja ba ce a kan abin da za ku tarar a Kano bayan minti 40.

Ƙa'idar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda Najeriya ke bi, ita ce mai tuƙi da gani a ƙasa da ƙafa 10,000 ya kasance yana iya ganin nisan kilomita 5 aƙalla, idan kuma ya kai ƙafa 10,000 ko ya haura sai kilomita 8. Masu hasashen yanayi na NiMet suna fitar da rahoton filin jirgi da ake kira METAR, da hasashen sa'o'i masu zuwa da ake kira TAF, kuma kai kanka kana iya karanta abin da ya shafe ka a ciki ko da ba ka taɓa shiga aji ba. Lambar filin Kano ita ce DNKN. Bayan bayanin iska za ka ga lambobi huɗu, waɗanda su ne nisan gani da mita. Idan an rubuta 9999, ana ganin kilomita 10 ko fiye. Idan an rubuta 3000 HZ ko 1500 DU, to hazo ne ko ƙura ta rage gani zuwa mita 3,000 ko 1,500. A ranakun da hunturu ya yi tsanani lambar kan faɗi ƙasa da 1000, wanda shi ne lokacin da ake jin manyan jirage ma sun kasa sauka an mayar da su wani gari.

To amma kilomita 5 ɗin nan iyaka ce ta doka, ba iyakar hankali ba, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi lissafi tare da ni. Jirgi irin Cessna 172, wanda shi ne aka fi sani a cikin masu kujera huɗu, yana tafiya kimanin kilomita 200 a sa'a. Wannan na nufin duk abin da ya bayyana a ƙarshen ganinka za ka iso shi cikin daƙiƙa 90. Idan wani jirgi ne mai irin gudunku ya nufo ku, lokacin ya koma daƙiƙa 45, kuma wannan idan an hango shi tun daga kilomita 5 ke nan, abin da ba ya faruwa, domin farin jirgi a cikin farar ƙura ba ya fitowa sai ya matso sosai. Idan sai a kilomita 2 aka gan shi, daƙiƙa 18 suka rage, alhali hukumar jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga ganin jirgi zuwa gane shi, yanke shawara da kauce masa yana cin kusan daƙiƙa 12 da rabi. Ba jirage kaɗai ba, akwai dogayen turakun sadarwa, akwai shirwa da ke yawo a saman mahauta da juji, akwai kuma duwatsu irin Kufena da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili.

Wani abin da ke yaudarar sababbin matuƙa shi ne bambancin da ke tsakanin duban ƙasa tsaye da duban gaba. Mai rahoto a filin jirgi yana auna gani ne a kwance, daga inda yake tsaye. Kai kuwa da kake sama, idan ka leƙa ƙasa ta tagar gefe za ka ga gonaki, rumbuna, har da shanu a bakin rafi, domin idonka ya ratsa ƙura kaɗan ce. Da zarar ka ɗaga kai ka dubi gaba, idon zai bi ta cikin ƙura mai nisan kilomita da yawa, sai ka ga komai ya narke ya zama launin toka. Akwai ma'aunin da malamai ke koyarwa, ko da yake yana ɗan bambanta daga jirgi zuwa jirgi: idan kana ƙafa 3,000 sama da ƙasa, wurin da ƙasa ke ɓuya a bayan hancin jirgi yana da nisan kusan kilomita 5. Idan ka dubi saman hancin ba ka ga ƙasa ba sai fari, to ganinka ya gaza abin da doka ta ce, ko da me rahoto ya faɗa.

Rana ita ma tana da nata rabon a cikin lamarin, kuma ita ce ta fi damuna game da shirin da kuka yi. Ƙura tana watsa haske, saboda haka wanda ya ba rana baya yana iya ganin kilomita 7 a daidai lokacin da wanda ya fuskance ta ba ya ganin 2. A watan Janairu rana tana faɗuwa ne ta kudu maso yamma, kuma dawowarku daga Kano zuwa Zariya kudu maso yamma take. Idan kuka tsaya cin abinci da gaishe-gaishe har bayan la'asar, za ku yi tafiyar dawowa gaba ɗaya da rana a fuska. Na taɓa shiga irin wannan hali a farkon tuƙina, kuma laifin nawa ne ni kaɗai, domin na ga lokaci na ƙurewa amma na ci gaba da hira. Gilashin gaba ya koma kamar an shafa masa kunu, kowane ɗan ƙarce da ke jikinsa ya kama haske yana ƙyalli, titin mota da nake bi ya ɓace a gaba sai ɗan guntun da ke ƙarƙashin fiffike. Na ji a jikina cewa jirgi na tafiya daidai, amma da na dubi agogon da ke nuna karkatar jirgi sai na ga fiffiken hagu ya sunkuya, allurar tsayi kuma tana raguwa. Da na gyara bisa ga agogon, sai jikina ya riƙa gaya mini cewa yanzu ne na karkata dama, kuma wannan ji bai sake ni ba sai bayan wasu mintuna.

Abin da ya same ni ba rauni ba ne na mutum ɗaya, halitta ce. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan bututu uku masu ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa idan kai ya juya. Idan jirgi ya karkata a hankali sosai, ruwan ba ya motsawa yadda za a ji. Idan kuma aka daɗe a cikin kwana ɗaya na kamar daƙiƙa 20, ruwan kan daidaita da bututun, sai mutum ya ji kamar ya daina juyawa alhali yana cikin juyin. Matuƙin da ba ya ganin bangon duniya sai ya lura tsayi na raguwa, ya ja sitiyari don ya hau, jan kuwa a cikin karkata ƙara matse kwanar yake yi, jirgi ya riƙa zagayawa yana gangarowa da gudu. A shekarar 1954 Jami'ar Illinois a Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba a koya musu tuƙi da agoguna ba, aka rufe musu ganin waje, kuma dukansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178, wato ƙasa da minti 3. Irin wannan ruɗani ne binciken hukuma ya ɗora wa hatsarin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, wanda ke tuƙa ƙaramin jirginsa, da matarsa da 'yar'uwarta ranar 16 ga Yuli 1999. Ba cikin guguwa suka shiga ba. Dare ne mai hazo a saman teku, shi kuma bai kammala samun izinin tuƙi da agoguna ba. Lokacin bazara ne a can, amma abin da hazo ya yi masa shi ne abin da hazonmu ke yi.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa abokinka, cikin girmamawa, ita ce ko yana da izinin tuƙi da agoguna, wanda ake kira IFR, kuma yaushe rabonsa da yin aiki da shi. Ta biyu ita ce nisan gani nawa ya yanka wa kansa wanda idan bai samu ba ba zai tashi ba. Matuƙin kirki yana da wannan lamba a kansa tun kafin a tambaye shi, kuma tana sama da ta doka. Ga wanda sa'o'insa ba su da yawa, ni ba na son ya ɗauki fasinja zuwa wani gari a hunturu sai rahoton filayen biyu ya nuna kilomita 8 zuwa 10, hasashe kuma bai nuna sabuwar ƙura na tafe ba. Idan ka tambaye shi ya ji haushi, ko ya ce a dai tashi a gani, wannan kansa amsa ce.

Za ka iya jin ya ce zai hau saman hazon, kuma wannan dabara ce ta gaske wadda ke da daɗinta. A ranar da ƙurar ba ta yi kauri ba, jirgi kan huda ta a 'yan dubban ƙafa, sai kwatsam sama ta buɗe shuɗiya fes, iska ta kwanta kamar an shimfiɗa tabarma, hazon kuma ya koma ƙarƙashinku kamar jan tafki mai bakin da aka yanka da wuƙa. Babu abin da na gani a sama da ya fi wannan kyau, kuma ban ga laifin wanda ya so ganinsa ba. Sai dai akwai abubuwa biyu. Na farko, saman hazon ba lallai ne ya kasance a kwance daidai ba, yana iya gangarawa gefe ɗaya, matuƙi ya daidaita fiffikensa da layin ƙarya. Na biyu, duk wanda ya hau dole ya sauko, kuma saukowar ta cikin ƙurar nan ce. A wasu ranaku ma ƙurar takan kai tsayin da ƙaramin jirgi ba zai wuce ta ba sai ya shiga inda ake buƙatar iskar shaƙa ta kwalba, domin daga ƙafa 10,000 zuwa sama jiki kan fara jin ƙarancin iska. Wanda ya ga yana ta hawa bai fita ba, ƙasa kuma tana dusashewa a ƙarƙashinsa, ya daina hawa ya juya.

Juyawa da wuri ita ce babbar kariya, kuma kai fasinja kana da hannu a ciki. Da yawa daga cikin matuƙan da suka kutsa cikin abin da ya fi ƙarfinsu kunya ce ta tura su, kunyar wanda suka ɗauko da alkawarin da suka yi. Tun kuna ƙasa ka gaya masa a fili cewa idan ya ga dama ya fasa, ko ya juya daga rabin hanya, ba za ka ga gazawarsa ba. A sama kuma ka taya shi duba waje, ka nuna masa duk jirgi ko tsuntsun da ka hango, ka yi shiru lokacin tashi da sauka da lokacin da yake magana da hasumiya. Idan har gani ya ɓace, abin da aka koya masa shi ne ya mayar da idonsa kan agoguna ya yarda da su, ya juya a hankali ya koma inda ya fito, ya kuma gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage halin da yake ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Na'urar GPS za ta nuna muku inda kuke a taswira, wannan kuwa taimako ne babba a ranar da titin motar Kano da madatsar ruwa ta Tiga ba sa ganuwa, amma ba ta riƙe fiffike daidai, saboda haka kada samunta ya sa a tashi a ranar da ba ta tashi ba.

Akwai kuma abubuwan da hunturu ke yi wa jirgin kansa, waɗanda za ka iya gani da idonka yayin da abokinka ke zagaya shi kafin tashi. Gilashin gaba na roba ne, ba a goge shi da busasshen tsumma, sai an kwarara masa ruwa ƙurar ta sauka tukuna, in ba haka ba kowace gugar ƙarce take bari, ƙarcen nan kuwa shi ne ke makantar da mutum idan ya fuskanci rana. Matatar iskar injin takan toshe da wuri a wannan lokaci. Ɗan bututun da ke ƙarƙashin fiffike, wanda ke auna gudu, ya kamata a same shi a rufe, a cire murfin a kuma leƙa cikinsa, domin ban da ƙura, zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki. Lokacin shan mai dole a haɗa jirgin da wayar da ke sauke wutar jiki zuwa ƙasa, saboda a busasshiyar iskar hunturu tartsatsin da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kunna tururin mai. Man kuma ya wuce na zuwa da dawowa da rarar minti 30 da doka ta tanada don tafiyar rana. A ranar hazo sa'a guda cikakkiya ta fi, har da na zuwa Kaduna idan Zariya ta rufe.

Abu ɗaya da ake mantawa da shi shi ne hita. A ƙananan jirage ɗumin ɗaki yana zuwa ne daga iskar da ta bi ta jikin salansa, saboda haka idan salansar ta tsage, gubar hayaƙi marar wari da launi tana shigowa tare da ɗumin. Binciken hatsarin da ya kashe ɗan ƙwallo Emiliano Sala ranar 21 ga Janairu 2019, a hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff cikin ƙaramin jirgi, ya gano wannan guba da yawa a jininsa. Ka duba ko akwai ɗan abin gano ta manne a gaban matuƙi, kuma idan ka ji ciwon kai ko jiri ko barci na fizgarka, ka faɗa nan take a kashe hita a buɗe iska.

Idan ni ne zan tsara muku, zan jira ranar da ƙura ta lafa bayan wucewar wani zubi, a duba rahoton Kano da na Maiduguri tun daren jiya, domin abin da ya rufe Maiduguri yau yana iya isowa Kano gobe. Ku tashi da hantsi, lokacin da rana ta ɗan ɗaga daga fuska, ku kuma bar Kano kafin ƙarfe 2 na rana. Idan rahoton bai kai ba amma Zariya tana da kyau, ku yi shawagin rabin sa'a a kewayen gari inda filin ke kusa, ku ga ganuwa da Kufena da gonakin rake na fadama, ku sauka. Ka tafi da rigar sanyi da ruwan sha da tabarau, ka kuma sa kuɗin mota a aljihu tare da sanin inda za ka kwana a Kano, domin idan ƙura ta sauko kuna can, jirgin zai kwana a filin ne ku dawo ta titi.